Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa da shugabannin asibitocinmu na koyarwa, kan mazajen da ke illata gabansu da hannunsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman afuwarku da ta masu karatu tun daga farko, domin maganar da na ɗauko tana cikin waɗanda Bahaushe yake kauce wa ambatonsu a bainar jama'a. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma'aikacin jinya ne da ya yi shekarun aikinsa tsakanin ɗakin tiyata da ɗakin kwantar da maza kafin ya yi ritaya, kuma a tsawon wannan lokaci na ga marasa lafiya iri-iri, amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne mazajen da aka kawo mana bayan sun yanke ko sun raunata al'aurarsu da hannunsu. Ba su da yawa, shi ya sa ma babu wanda ya taɓa zama ya tsara musu hanya. Abin da nake so in nuna muku shi ne, makomar irin wannan mutum tana yankewa ne a sa'o'in da ke gaban tiyata da watannin da ke bayanta, kuma waɗannan wurare biyu su ne daidai inda tsarinmu ya bar shi shi kaɗai.

Akwai wani saurayi da ba na mantawa da shi, wanda mahaifinsa da kawunsa suka kawo da hantsi, alhali abin ya faru tun bayan sallar isha'i. Sun fara zuwa wani ƙaramin asibiti, aka tsayar da jinin aka ce su yi gaba. A asibiti na biyu aka ce sai sun kawo takardar 'yan sanda, saboda wanda ke bakin aiki ya yi zargin ko aikin matsafa ne. Guntun gaɓar kuwa, wani mai kyakkyawar niyya ya ba su shawara suka jefa shi tsirara a cikin ƙanƙara, sanyin ya ƙone shi. Da likitanmu ya duba, sai ya ga babu abin da za a mayar, don haka ya gyara abin da ya rage ya buɗa wa fitsari hanya. Bayan kwana goma sha wani abu aka sallame shi da wata 'yar takarda mai cewa ya je ya ga likitan ƙwaƙwalwa a wani asibitin dabam. Mahaifin ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi mana godiya, ya ce za su fara kai shi wurin malam tukuna. Ban sake ganinsu ba. Babu mugu ko ɗaya a cikin duk waɗanda suka taɓa wannan yaro, amma an yi asarar gaɓarsa a hanya, cutar da ta jawo abin kuma ya koma gida da ita.

Mutane idan suka ji irin wannan labari sukan ce iskanci ne, ko asiri aka yi masa, ko kuɗin tsafi yake nema. Abin da likitoci suka tattara ya nuna wani abu dabam. A shekarar 1979 likitoci biyu a Amurka, Greilsheimer da Groves, sun bi diddigin rahotannin da aka buga kafin lokacinsu, suka ga kashi 87 cikin ɗari na mazajen suna cikin taɓin hankali mai raba mutum da gaskiya a lokacin da suka aikata abin. Wani nazari mafi faɗi da Veeder da Leo suka buga a 2017, wanda ya haɗa mutum 173, ya gano kusan rabinsu suna fama da cutar sikizofireniya ko danginta, wato cutar da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da gaskata abin da ba shi da tushe. Sauran sun haɗa da masu shaye-shaye, da masu matsalar ɗabi'a mai tsanani, da waɗanda ke cikin ƙuncin rashin amincewa da jinsin da aka haife su a kai. Wasu masu bincike a Ostireliya kuma sun nuna a 2009 cewa a cikin masu sikizofireniya da suka yi wa jikinsu irin wannan babbar illa, fiye da rabi ba su taɓa samun magani ba kafin ranar. Ma'anar wannan ita ce, sau da yawa teburin tiyata shi ne wurin farko da cutar ke haɗuwa da asibiti. Kada kuma a ɗauka abin na Turawa ne kawai, domin Farfesa Ndubuisi Eke na Fatakwal ya yi rubutu a kansa a wata mujallar likitocin mafitsara ta Birtaniya tun shekarar 2000, kuma likitocin Najeriya sun sha buga rahotannin waɗanda suka yi wa aiki. Idan muka tuna da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018, wanda ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan, daga ciki miliyan 10.6 masu shan wiwi, za mu gane cewa ƙofar da wannan masifa ke shigowa ta cikinta a buɗe take a garuruwanmu.

Yanzu bari in zo kan tiyatar kanta, domin a nan ne nake ganin ko a cikin ma'aikatan lafiya akwai ƙarancin sani. Azzakarin da aka yanke gaba ɗaya ana iya mayar da shi, kuma ba sabon abu ba ne. Wani likita mai suna Ehrich ya ba da rahoton yin haka tun 1929, da ɗinki irin na ido da hannu. A 1977 tawagar Cohen a Amurka da ta Tamai a Jafan suka ba da rahoton yin aikin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, inda ake haɗa ƙananan jijiyoyi ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar Tailan kuma, inda a tsakanin 1973 da 1980 aka yi yayin matan da kishi ya ɗiba suna yanke na mazajensu, likitocin asibitin Siriraj na birnin Bankok sun yi wa mutum 18 aiki, suka buga abin da suka koya a 1983, kuma yawancin aikin nasu ba da madubi suka yi shi ba. Na kawo wannan ne domin likitan da ke babban asibitin ƙaramar hukuma ya san cewa rashin madubi bai zama hujjar jefar da gaɓa ba.

Yadda aikin yake shi ne, bayan an tsayar da jini, an yi ƙarin jini idan da buƙata, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar rigakafin sandarewar jiki, likita yakan fara da haɗa bututun fitsari a kan robar fitsari, sannan ya ɗinke kakkaurar fatar ciki da ke lulluɓe da sassan da jini ke cikawa lokacin miƙewa. Idan akwai madubi da gwani, sai a koma bayan azzakarin a haɗa babbar jijiyar da ke fitar da jini, da ƙananan jijiyoyin da ke kawo shi, waɗanda faɗinsu bai wuce kusan milimita ɗaya ba, da kuma jijiyoyin ji, duk da zaren da ya fi gashin kai siranta. Akan sa wata robar ta ƙasan cibiya kai tsaye cikin mafitsara domin ɗinkin ya huta na mako biyu zuwa uku. Aiki ne na sa'o'i masu yawa, kuma ma'aikacin jinya yakan kwana yana duba launin gaɓar da ɗuminta, domin idan jini ya shiga ya kasa fita sai ta kumbura ta yi baƙi. A wasu asibitocin duniya har matsattsaku ake ɗorawa, irin wanda aka rena musamman domin asibiti, ya tsotse jinin da ya taru, abin da wanzamanmu masu ƙaho ba za su yi mamakinsa ba.

Sakamakon ya fi yadda yawancin mutane ke zato kyau. Wani nazari da Morrison da abokan aikinsa suka buga a 2017 ya haɗa mutum 106 da aka mayar wa azzakari, inda aka samu kusan dukkansu suna fitsari yadda ya kamata, fiye da kashi uku cikin huɗu kuma gabansu yana miƙewa. Matsalar da ta fi yawa ita ce mutuwar fatar waje, wadda ta shafi fiye da rabinsu, amma ita ana gyara ta da fatar da aka ɗebo daga cinya ko daga fatar maraina. Wasu sukan samu tsukewar bututun fitsari ko yoyonsa, abin da ke buƙatar tiyata ta biyu. Waɗanda aka yi wa aiki da madubi sun fi samun dawowar ji da ƙarancin matsala. Gaskiya ne cewa likita ya fi son buga labarin nasara, don haka ina karanta waɗannan alƙaluma da 'yar taka-tsantsan, amma ko an rage musu wani abu, tazarar da ke tsakaninsu da rashin gaɓa ɗungurungum tana da girma. Wanda ba a iya mayar masa ba, zaɓinsa shi ne ya rayu da guntu, wani lokaci yana fitsari ta wata ƙofa da aka buɗa masa a ƙasa, ko a gina masa sabuwa da fatar hannunsa ta hanyar tiyatoci da dama masu tsada, irin dabarar da likitocin Sin suka bayyana a 1984. Dashen azzakarin wani kuwa, wanda Farfesa André van der Merwe ya fara yin nasararsa a asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu a watan Disamban 2014, ba abin da talakanmu zai sa rai da shi ba ne.

'Ya'yan maraina sun fi wuyar ceto, domin ba sa jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i, kuma jijiyarsu takan ja ta koma ciki tana zubar da jini inda ido ba ya gani. Idan ɗaya ya tsira, yawanci ya isa mutum ya ci gaba da mazantakarsa har ya haihu. Idan duka biyun suka tafi, haihuwa ta ƙare, kuma zai buƙaci sinadarin mazantaka na allura ko na shafawa har ƙarshen rayuwarsa, in ba haka ba ƙashinsa ya yi rauni, ƙarfinsa ya ragu, baƙin ciki ya ƙaru a kan wanda yake da shi. Ban san iyalai da yawa da za su iya sayen wannan magani wata bayan wata ba tare da tallafi ba.

Duk wannan nasara da na ambata tana rataye ne da lokaci da kuma yadda aka adana gaɓar. Littattafan likitocin mafitsara suna nuna cewa an yi nasara har zuwa wajen sa'a shida idan gaɓar tana cikin zafin gari, da wajen sa'a goma sha shida idan an sanyaya ta daidai. Sanyayawa daidai kuwa ba ta da wuya: a kurkure ta da ruwan gishirin asibiti, a naɗe ta da bandeji mai danshi, a sa a leda mai tsabta a ƙulle, sannan a sa wannan ledar cikin wata ledar ko kula mai ruwa da ƙanƙara, yadda ƙanƙarar ba za ta taɓa naman ba. Wannan bayani bai cika rabin shafi ba, amma ban taɓa ganinsa manne a bangon wani asibitin karkara ba. Ina roƙonku ku sa a rubuta shi da Hausa da Turanci, a haɗa da umarnin danne wurin da ke zubar da jini da tsabtataccen ƙyalle, a raba wa kowane asibitin sha-ka-tafi da kowane sashen agajin gaggawa. Zai amfani wanda injin niƙa ya cire wa yatsa da yaron da aka samu kuskure wajen yi masa kaciya, ba waɗannan mazaje kaɗai ba.

Haka nan ina roƙonku ku zauna ku ware asibitocin da za su riƙa karɓar irin wannan aiki dare da rana, ku sanar da lambobinsu. Muna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala mai sashen tiyatar gyaran jiki, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato mai cibiyar mafitsara da ƙoda, da na Maiduguri, da na Jos. Ba dole ba ne kowannensu ya mallaki komai, amma wajibi ne likitan da ke Gumel ko Yawuri ko Potiskum ya san wanda zai kira da ƙarfe biyun dare, ya kuma san cewa idan motar ta isa za a tarar da likitan mafitsara, da likitan gyaran jiki, da madubi mai aiki, da siririn zaren da bai lalace ba. Batun takardar 'yan sanda kuwa bai kamata a ce har yau ana jayayya a kansa ba, tunda sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, dokar kuma ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan yanayi. A yi aiki tukuna, bincike ya biyo baya. Ina kuma fatan za ku ja hankalin majalisun jihohinku kan sashe na 231 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Yawancin waɗannan mazaje ba mutuwa suke nema ba, amma iyali ba su san wannan bambanci ba, tsoron hukuma kuma yana cikin abin da ke sa su ɓata dare guda suna shawara a zaure.

Akwai wata magana da na sha ji a ɗakin shan shayin ma'aikata, cewa mene ne amfanin ɓata sa'a takwas a kan wanda zai sake yankewa. Na fahimci gajiyar da ke bayan maganar, kuma gaskiya ne wasu suna maimaitawa, musamman waɗanda aka sallama ba magani ko suka koma shaye-shaye. Amma abin da likitocin da suka yi rubutu a kan wannan suka fi karkata a kai shi ne a mayar da gaɓar tukuna, domin cutar ƙwaƙwalwar tana jin magani, kuma da yawansu idan hankalinsu ya dawo sukan yi nadama mai tsanani su yi godiya ga wanda ya ɗinke su. Mutumin da ke jin murya tana umartarsa ba shi ne zai yanke hukuncin da zai bi shi shekara hamsin ba. A nan ne ake buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ya zo bakin gadon tun kafin a shiga tiyata, ya auna ko majinyacin yana da hankalin ba da izini, idan babu a nemi na waliyyinsa bisa Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Bayan tiyata kuma a fara magani nan take, a ajiye wanda zai zauna da shi ba ƙiftawa, domin makon farko shi ne mafi haɗari ga ɗinkin da kuma ran majinyacin.

Na san likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitocinsu na Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau suna nesa da ɗakunan tiyata. Wannan nisan shi ne ramin da marasa lafiyarmu ke faɗawa. Takardar tura majinyaci da ake damƙa wa uba a ƙofar fita ba ta kai kowa ko'ina, wanda ya ɗinke rauni ya bar cutar da ta jawo shi kuwa ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Abin da nake nema shi ne ƙa'ida a rubuce cewa ba za a sallami irin wannan mutum ba sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi, an ba shi ranar dawowa guda ɗaya da zai ga likitocin biyu a cikinta, an kuma ba wani ma'aikaci sunansa domin ya bi sawunsa ta waya idan bai zo ba. Ga wanda ba ya jure shan ƙwaya kullum, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu, kuma ma'aikacin lafiya na ƙauyensu zai iya yin ta idan an horar da shi. Idan ba mu yi haka ba, wurin da zai ƙare shi ne gidan mari, kuma duk mun ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Daura a 2019.

Ba zan manta da ƙananan raunuka ba, waɗanda a gaskiya sun fi yanka yawa: wanda ya sa zoben ƙarfe ya ƙi fita, da wanda ya tura wani abu cikin bututun fitsari, da wanda ya yi wa kansa allurar wani mai saboda tallan ƙarin girma da ya gani a Facebook ko ya ji a lasifikar tasha. Waɗannan yawancinsu da hankalinsu, kunya ce ke tsare su a gida har naman ya fara ruɓewa, alhali da sun zo a ranar farko da abin yankan zobe kaɗai ya wadatar. A tanadi wannan ɗan ƙarfe a kowane sashen gaggawa, a kuma hori ma'aikata su karɓe su ba da dariya ba.

Malamanmu ma suna da rawar da za su taka, kuma ma'aikatunku ne ya dace su gayyace su. Da yawa daga cikin majinyatan nan sukan ce sun yi ne domin su tsarkaka daga zunubi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Usman ɗan Maz'un ƙaurace wa aure domin ibada, Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas kuma ya ce da an yi masa izini da sun dandaƙe kansu, wato an rufe wannan ƙofa tun a wancan zamani. A wajen 'yan'uwanmu Kirista ma, taron manyan limaman coci da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ya hana wanda ya yi wa kansa haka riƙe muƙamin coci. Sannan hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Uban da ya ji wannan daga bakin limaminsa zai daina ganin ɗansa a matsayin abin kunya, zai kuma fahimci cewa addu'a ba ta hana shan magani.

Saura abu ɗaya da ke hannunku kai tsaye, ranku ya daɗe. Hotunan irin waɗannan majinyata sukan fita daga ɗakin gaggawa su shiga WhatsApp kafin ma a gama tiyata, da fuska da sunan unguwa, kuma wanda aka yi wa haka ba zai ƙara taka asibitin ba ko da yana mutuwa. Ina roƙon a fitar da sanarwa cewa duk ma'aikaci ko ɗalibin da aka kama da wannan zai fuskanci hukunci. A madadin hotunan, a buɗe rajista guda ta sirri a tsakanin asibitocin koyarwa, a riƙa rubuta sa'o'in da kowane majinyaci ya ɓata kafin ya iso, da irin aikin da aka yi masa, da halin da yake ciki bayan wata shida da bayan shekara, domin ku da kanku ku ga inda ake rasa su.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Tsohon ma'aikacin jinya na ɗakin tiyata.